Gyaran gashin rasta a gida: abin da allura ta koya mini

Shekara uku ke nan rabona da zama gaban mai kitso. Kitso mai tsauri ne ya cinye mini gashin gaban goshi, har na yanke shawarar mayar da kaina gashin rasta, ƙananan igiyoyi da ke kwanciya lafiya ƙarƙashin hijabi. Sai dai gashi ba ya daina tsiro. Bayan sati shida zuwa takwas gindin kowace igiya ya saki, dole a sake matse shi. Masu gyara a nan Kumasi sun iya aikinsu, amma albashin malamar makaranta ba ya ɗaukar wannan kowane wata biyu, ga Asabar guda da za ta tafi a zaune. Shi ya sa na shiga kasuwar Kejetia na sayo allurar gyara.

Ba wani abu ba ce, 'yar allura ce mara tsini, ta roba ko ta ƙarfe, mai faffaɗan ido. Za ki fesa wa gashin ruwa kaɗan ya yi laushi, ki ware igiya ɗaya, ki ɗaure na kusa da ita gefe. Sai ki zura bakin igiyar cikin idon allurar, ki soka allurar cikin sabon tsiron da ke gindi, ki jawo igiyar ta fito ta ɗaya ɓangaren. Sirrin yana ga ƙofar da kika bi. Ni na raba gindin gida huɗu: in shiga ta gabas, sai kudu, sai yamma, sai arewa. Kada ki bi ƙofa ɗaya sau biyu a jere, don gindin zai rabu biyu ya bar rami.

Wallahi da kuskure na gane haka. Ranar farko, ina gyara ina duba littattafan yara, na manta inda na tsaya. Bayan wata biyu igiyar nan ta yi siriri a wurin ramin, ranar nan ina wanke kai ta biyo hannuna. Wasu biyu kuma a ƙeya na haɗe su waje ɗaya saboda ban ware su da kyau ba. Tun daga nan sai da madubi biyu nake zama, kuma nakan raba aikin dare uku.

Babban abin da na koya shi ne sanin lokacin tsayawa. Idan allura ta fara shiga da ƙyar, ki bari haka. Mai gyara ba ta jin zafin kanki, ke kuwa kina ji. Zagaye ɗayan da kika ƙara don ya yi "kyau" shi ne zai ja fatar kai, ya dawo da ciwon da kika gudo daga gare shi.

'Yan'uwa mata a zango kan tambaye ni batun wankan tsarki, tunda wannan gashi ba ya tsefuwa. Na kai tambayar gaban malaminmu, ya ce abin lura shi ne ruwa ya ratsa gashin ya kai fatar kai. Nan ma sassauci ya yi rana. Ba na shafa kakin gashi ko mai mai kauri, don suna toshe igiyar. Kuma ba na ɗaura ɗankwali sai kai ya bushe sarai, in ba haka ba, da damina za ki ji warin gumi da danshi.

Gashin goshina ya fara dawowa a hankali. Jiya da dare na gama layin ƙeya, saura na tsakiya yau bayan sallar isha'i.