Ciwon Sukari a Jikin Kyanwa da Yadda Ake Lallaɓa Shi

Mutane da dama sun ɗauka ciwon sukari cuta ce ta ɗan Adam kaɗai, alhali kuwa tarihin gano maganinsa ma a jikin dabba ya faro. A shekarar 1889 wasu masana biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas, watau wata 'yar tsoka da ke kwance tsakanin tumbi da farkon hanji, sai karen ya kamu da ciwon. A 1921 Banting da Best suka tato insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, suka gwada shi a kan karnuka, kafin a yi wa mutum na farko allurarsa a 1922. Kyanwa ma tana kamuwa da wannan ciwo, sai dai nata yana da wata siffa da ba kasafai akan same ta ga kare ba: idan aka tare shi da wuri yakan lafa, har a daina allura. A cikin wannan lafawa ne sa'ar mai kyanwa take, a cikinta ne kuma haɗarin yake.

Insulin shi ne sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka domin jiki ya amfana da shi. Yawancin kyanwoyin da suka kamu, jikinsu ne ya daina jin umurnin insulin, galibi saboda ƙiba da rashin motsi, kuma muzuru mai shekaru ya fi mace kamuwa. Sai sukari ya taru a jini, ya tsiyaye cikin fitsari, ya ja ruwa ya fita da shi. Shi ya sa akan ga kyanwa tana yawan shan ruwa da fitsari, tana ci amma tana ramewa. Wata ma takan koma taka ƙasa da dunduniyar ƙafafun baya maimakon yatsu, domin jijiyoyi sun taɓu.

Gwaji ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Kyanwa dabba ce mai saurin firgita, kuma tsoron asibiti kaɗai kan ɗaga sukarin jininta na ɗan lokaci. Don haka likitan dabbobi yakan haɗa da gwajin fitsari da na furuktosamin, wanda ke nuna halin da jinin yake ciki a 'yan makonnin baya.

Allurar akan yi ta ne a ƙarƙashin fata sau biyu a rana, sa'o'i 12 tsakani, kuma yawanci akan fara da yunit 1 kacal. A nan ne ƙaramin kuskure ke zama babba. Insulin irin su Lantus yana da yunit 100 a kowace mililita ta ruwa, ProZinc da Caninsulin kuwa yunit 40 gare su, kuma kowane da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi na 100 da sirinjin 40 ya ba kyanwarsa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta ke nan. Bugu da ƙari, maganin yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ya son ƙanƙara ba ya son rana. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan tambaya ce da ta kamata a yi wa likita tun ranar farko, ba sai kwalba ta lalace ba.

Batun abinci kuwa, kyanwa maciyar nama ce tsantsa, hanjinta ba na hatsi ba ne. Al'adar nan ta zuba mata sauran tuwo ko shinkafa, wadda ake yi cikin tausayi, ga mai ciwon sukari ƙara wa wuta makamashi ne. Abin da ya dace da ita shi ne abinci mai laima, mai yawan nama da ƙarancin sitaci, a ma'auni ɗaya kullum. Idan mai ƙiba ce a rage mata sannu a hankali, domin yunwar farat ɗaya kan sa kitse ya cika mata hanta.

To, ina lafawar take fitowa? Yawan sukari a jini shi kansa yakan dakusar da ƙwayoyin da ke yin insulin. Idan allura da abinci suka sauke sukarin, sai ƙwayoyin su huta, wasu su farfaɗo su koma aiki, yawanci a watannin farko. Kyanwa ba ta faɗa. Mai ita yana nan yana ba ta awon jiya, alhali jikinta ya fara yin nasa, sai sukari ya faɗi ƙasa warwas. Alamunsa su ne kasala, da tangaɗi, da rawar jiki, har suma. Idan aka ga haka sai a shafa mata zuma a dasashi, kada a ɗura mata kome a baki, a garzaya da ita asibiti. Haka nan idan ta ƙi cin abinci, ko aka yi shakkar an yi allura ko ba a yi ba, kada a maimaita sai an ji daga likita. Wannan ne dalilin auna jini a gida, ta hanyar tsira gefen kunne, ko da 'yar na'urar da ake mannawa a fata.

A ɗaya gefen kuma, ƙarancin insulin kan sa jiki ya ƙona kitse har jini ya yi tsami. Amai da ƙin ci da kwanciya lakwas su ne alamunsa, kuma ba ciwon da ake kwana da shi a gida ba ne.

A ƙarshen 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Bexacat, a 2023 kuma da ruwan Senvelgo, waɗanda ake ba kyanwa ta baki sau ɗaya a rana, suna sa ƙoda ta zubar da sukari cikin fitsari. Sun sauƙaƙa wa masu tsoron allura, amma a ƙa'idar Amurka ba a ba kyanwar da ta riga ta fara insulin, kuma tsamin jinin nan yana iya tasowa a ƙarƙashinsu ko da awon sukari bai hau ba.