Yadda Ake Kallon Teku a Zanen Turner

Mu ɗaliban harshe mun saba da tarken waƙa: mu nemo jigo, mu duba salo da adon harshe. A tawa fahimtar, shi ma zane haka ake bin sa, kuma da aikin Joseph Mallord William Turner nake son in gwada wannan.

An haifi Turner a Landan a 1775, ya rasu a 1851. Yana cikin masu zanen da suka bi tafarkin da Turawa ke kira Romantisizim, wato fifita abin da zuciya ta ji a kan tsari da ƙa'ida, da nuna ƙanƙantar ɗan'adam a gaban ƙarfin halitta. Shi ya sa tekunsa ba ta cika kwanciya ba. Hadari ne, da hazo, da kumfa, har mutum ya rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara.

Mu ɗauki zanen da aka fi sani da Jirgin Bayi, wanda ya nuna wa jama'a a 1840, shekarar da masu yaƙi da bauta na duniya suka yi babban taro a Landan. Abin da ido ke fara kamawa shi ne faɗuwar rana: ja da rawaya sun tsaga zanen gida biyu. Can gefen hagu ga jirgi ya doshi guguwa. Sai ido ya sauko ƙasa sannan zai ga hannaye sun fito daga ruwa, ga ƙafar mutum ɗaure da mari, kifaye da tsuntsaye sun yi mata caa. Daga nan jan da ke kan ruwan ya tashi daga hasken rana, ya koma jini.

Masana na danganta zanen da abin da ya faru a jirgin Zong a 1781, inda aka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku a hanyar Jamaika. Dalilin kuwa kuɗi ne: kamfanin inshora ba ya biyan bawan da ciwo ya kashe, amma ana iya neman diyyar “kayan” da aka zubar don ceton jirgi. Da maganar ta je kotu a 1783, shari'ar inshora aka yi, ba ta kisan kai ba.

Akwai masu sukar Turner cewa kyan launinsa ya shanye mutanen, ba a ga fuskarsu ba, sai gaɓoɓi. Sukar tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Sai dai ni ina ganin jinkirin nan da ido ke yi shi ne salon: mai kallo ya riga ya ce “kai, wannan ya yi kyau” kafin ya gane abin da yake yabo. John Ruskin, mai sharhin da ya fi kowa kare Turner, ya ajiye zanen a gidansa shekaru da dama, ya sayar a 1872. Yanzu yana gidan adana zane-zane na birnin Boston a Amurka. Wanda zai neme shi a intanet, ya faɗaɗa kusurwar dama ta ƙasa, can ƙafar take.