Kafin a Yi wa Kwamfutar Ofis Fomatin

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da shanu, raƙuma da tumaki daga ciki da wajen Najeriya, kuɗi na sauya hannu da naira da sefa. Kusa da ita akwai yankin ciniki maras haraji, wanda aka kafa zamanin gwamna Saminu Turaki, ƙarƙashin dokokin hukumar NEPZA. Daga Gumel zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar kuma ana tara riɗi da zoɓo domin fitarwa waje. Lissafin irin wannan harka, wanda a da littafin akawu ke ɗauke da shi, sannu a hankali yana komawa cikin manhajar da aka girka a kwamfutar ofis ko ta sito. Idan manhajar ta yi tangarɗa, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne bairos ya shige ta, maganin kuma fomatin. Ni ina ganin ba nan gizo ke saƙa ba. Galibin matsalolin manhajar kwamfutar tebur suna fitowa ne daga wani zato da mai rubuta ta ya yi game da wurin da za ta yi aiki, zaton kuma bai dace da wurin ba. Gyara na gaskiya shi ne gano wannan zato.

Ɗauki suna kawai. A ce akawu yana shigar da sunayen fatake tun safe, komai lafiya, sai ya zo kan Sa'adu, manhaja ta jefo saƙon kuskure ta rufe kanta. Ya sake buɗewa, ya shigar da Garba, ta karɓa. Ya koma kan Sa'adu, ta sake mutuwa. A harshen SQL, wanda manhaja ke magana da rumbun bayanai da shi, ɗan waƙafin saman nan shi ne alamar buɗe rubutu da rufe shi. Idan mai rubuta manhaja ya manna sunan kai tsaye cikin umarnin, rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", sauran kuma shirme ne. Isma'il, Rabi'u, Mu'azu da duk 'yan kasuwar da ke da wannan alama a sunansu za su kayar da ita. Gyaran bai wuce a miƙa sunan daban da umarnin ba, kuma ƙofar da hakan ke toshewa ita ce dai wadda masu kutse ke bi su saci bayanai. Haruffanmu masu lanƙwasa ma haka suke sha. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, ba shi ma da alamar naira, don haka Ɗanladi kan fito a rasit da alamar tambaya a madadin harafin farko. Unicode ya tanadi dukkansu, sai dai dole rumbun, fayil ɗin da firinta su yarda da juna a kai.

Wadda ta fi haɗari ita ce tangarɗar da ba ta kayar da manhaja, domin babu mai lura. A Najeriya, bisa tsarin Ingilishi, waƙafi ke raba dubbai, ɗigo kuma ya raba naira da kwabo. A Nijar, bisa tsarin Faransanci, waƙafin ne ke zaman ɗigo. Saboda haka 1,250 dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne a Maigatari, amma ga kwamfutar da aka saita da Faransanci a Dungas ko Damagaram, ɗaya ne da kwata. Wasu harsunan rubuta manhaja kan karanta lamba bisa saitin ƙasar da ke kan kwamfutar, sai in an umarce su da wani abu daban. Fayil ɗaya zai ba da jimilla biyu a kwamfutoci biyu, kowacce kuma tana ganin ita ce daidai. Kwanan wata ma bai tsira ba: kwamfutar da aka bari a saitin Amurka za ta karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, mai ita kuwa 3 ga Afrilu yake nufi. Ranakun da suka haura 12 su ne kan tona asiri, shi ya sa za a ji ana cewa manhaja tana yi wa mutane wasa, wata rana ta yi, wata rana ta ƙi.

Akwai kuma batun girman lamba, wanda faɗuwar darajar naira ta mai da shi na yau da kullum. Gurbin lamba mai bit 32 ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Mai rubutun da ya zaɓi ajiye kuɗi da kwabo, wanda dabara ce mai kyau don kauce wa kurakuran lissafin ɗigo, ya sa wa manhajarsa iyaka a naira miliyan 21 da 'yan kai. Shekaru goma sha biyar da suka wuce wannan na iya isar ƙaramin ɗan kasuwa. Yau kuɗin shanun tirela guda kan haura shi, sai jimilla ta juye ta koma bashi ko manhajar ta tsaya cik. Wannan ba kasawar ƙananan masu rubutu ba ce kaɗai. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ranar 4 ga Yuni, 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an cusa lamba mai bit 64 a gurbin bit 16, cikin manhajar da aka gada daga tsohuwar roka mai tafiya daban.

Wani zai ce duk wannan surutu ne, domin fomatin yana aiki, kuma mai sito ba shi da lokacin bincike ranar kasuwa. Gaskiya ne yakan yi aiki. Bairos ma ba tatsuniya ba ne, musamman inda filashi ɗaya ke yawo tsakanin kwamfutoci. Amma a duba dalilin da ya sa yake aiki a wasu daga cikin misalan da suka gabata: sabon girki yana mayar da saitin ƙasa da na kwanan wata yadda suke tun farko, sai matsalar ta lafa har ranar da wani ya sake taɓa su. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Abin da ya fi muni, fomatin yana share shaidar. Windows na ajiye tarihin kowace manhaja da ta mutu, da lokacin da ta mutu da sashen da ya jawo, a cikin Event Viewer, kuma manhajar da aka rubuta da kula tana da nata kundin. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara da ɗaukar hoton saƙon kuskuren kafin a danna komai, ya tambayi abin da aka shigar na ƙarshe, ya yi ƙoƙarin sake haifar da matsalar da gangan, sannan ya riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce me ya canza tun ranar da take lafiya. Sau da yawa amsar ba ta wuce ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu ba, kwanan wata ya koma shekarun baya, lasisi da rasit duk suka rikice.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar lamarin da zafi shi ne, idan ba a kama manhaja da laifi ba, akawu ake kamawa. A Birtaniya, manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu, wadda aka fara girkawa a gidajen waya a 1999, ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci, wasu suka yi zaman kurkuku, kafin babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar tana da kurakurai. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da 'yan jarida masu bin diddigi, yaron da ke lissafin buhunan riɗi a Gumel ba shi da mai kare shi in jimilla ta ƙi cika.

Saura masu cewa a bar manhajar tebur gaba ɗaya a koma ta intanet, inda gyara ɗaya ke isar wa kowa. Suna da hujja, kuma manyan hukumomi can suka nufa. Sai dai waƙafin sunan Sa'adu da ɗigon Faransanci suna bin manhaja duk inda ta koma, sannan ga sabis da kan yi rauni a bakin iyaka daidai lokacin da kasuwa ta cika. Manhajar tebur za ta daɗe a nan, kuma babban abokin gabanta ɗaukewar wuta ne ana tsakiyar rubuta ciniki, a rage kaya a sito ba a shigar da kuɗinsu ba. Rumbu irin SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, an gina shi ne yadda ciniki zai shiga gaba ɗaya ko kada ya shiga sam, amma sai mai rubutun ya haɗa matakan biyu a dunƙule ɗaya. Matasan da ke koyon wannan sana'a a cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure da sauran makarantun Jigawa suna iya gwada hakan ba tare da kashe ko kwabo ba, mai sayen manhaja ma yana iya nema a yi a gabansa kafin ya biya: a shigar da Sa'adu da Ɗanladi, a rubuta cinikin naira miliyan 50, a juya saitin kwamfutar zuwa Faransanci, sannan a zare wayar wuta ana tsakiyar adanawa, a kunna a ga abin da ya rage.