Yadin Da Ya Dace Da Amukun Mai Gadin Gona

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Gwarzo da Kabo, an yanke dawa an tara, an cire gyaɗa an shanya, sai a ga manoman Masanawa da na ƙauyukan kewaye sun koma kwana a gona, don tsoron ɓarayi da ɓarnar dabbobi. Haka kuma masu lambu su ke yi da rani in tumatir da barkono sun nuna. Galibi tabarma ko buhu a kan shimfiɗa a ƙasa kusa da tarin amfanin. To, nan ne fa wurin da ya fi ko'ina haɗari a gonar, gama ɓera ya kan biyo hatsi, maciji kuwa ya biyo ɓera.

Kububuwa da dare ta ke yawo, kunama ma haka. Tun cikin 1976 likita David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka bayyana cewa da yawa daga cikin waɗanda kumurci ya sara, suna barci ne ya same su. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da a ka yi wa sakaci. Mutumin da a ka sara da tsakar dare a gona, nesa da titi, kafin a kai shi inda a ke da allurar dafi an sha wuya. Sabo da haka duk dabarar da za ta ɗaga mai gadi daga ƙasa abar dubawa ce, amuku kuwa ya fi gadon kara sauƙin ɗauka.

Amuku shi ne ƙyallen da a ke ɗaure bakinsa biyu a tsakanin itatuwa, a kwanta ciki yana reto kamar ragaya. Asalinsa daga mutanen tsibiran Karibiyan ne, can Kolumbus ya gan shi a 1492, daga baya ma'aikatan jiragen ruwan Ingila suka riƙa ɗinka nasu da tamfol. A nan ƙasar, dattawa sun san shi ne tun zamanin da a ke ɗaukar Turawa a ciki in suna rangadi. Ɗinkinsa ba wuya, kowane tela na kasuwar ƙauye ya iya. Wuyar tana wurin zaɓen yadin.

Abin da ya fara zuwa hannun manomi shi ne buhun taki, don kyauta ne, ga shi kuma da sabuntarsa yana ɗaukar kilo 50 ba gardama. Amma araha ba ta ado. Irin robar da a ke saƙa buhun nan da ita ba ta jure hasken rana. Kowa ya taɓa ganin buhun da a ka manta a bakin gona: in ya yi 'yan watanni sai ya yi fari, a taɓa shi ya dagargaje kamar gari. Mugun abin shi ne ba ya nuna alama tukuna, ba ya ɓarkewa kaɗan kaɗan yadda auduga ke yi, sai dai ya tsage gaba ɗaya da mutum a ciki. Har wa yau zarensa yana da santsi, ɗinki ba ya kama shi, sai ya yi ta zamewa daga bakin. Buhun da a ka zuba irin shuka mai magani ko maganin ƙwari kuwa, ko kusa kada jiki ya kwana a kansa, ko da an wanke. Buhun garara ya fi na leda jure rana, amma laima na ruɓar da shi, ga ƙaiƙayi.

Atamfa da shadda da akoko maras kauri na sa wa jiki ne, ba na ɗaukar jiki ba. Wanda ya rasa wani sai su, ya ninka biyu, ya sani kuma na kaka ɗaya ne.

Wanda ya fi dacewa da ƙasar nan shi ne yadin auduga mai kauri, mai matsattsiyar saƙa, kamar kakin da a ke yi wa 'yan makaranta da ma'aikata wando, ko tamfol na auduga maras nauyi ainun. Auduga tana shan gumi, iska na ratsa ta, tartsatsin wuta in ya faɗa mata ba ta narkewa ta manne a fata. Wani abin mamaki, in ta jiƙe ƙarfinta ƙaruwa ya ke yi. Aibinta guda, in an naɗe ta da danshin raɓa sai ta yi fumfuna ta ruɓe, gara kuma na cin ta in an yar a ƙasa. Maganin wannan shi ne a shanya kowace safiya, a naɗe a rataye.

Gwado saƙar gida, in an sami mai kyau, ba abin renawa ba ne, ya kuma fi kaki ɗumi. Sai dai a lura, saƙi ƙwarya ƙwarya ne a ke haɗawa da allura, kuma a wurin haɗin nan rauninsa ya ke. Lalle ne ƙwaryoyin su bi tsawon amukun daga kai zuwa ƙafa. In suka gitta, nauyin mutum duka ya koma kan ɗinkin haɗin. Ko a yadin kanti ma haka ne: zaren tsaye ya fi na kwance ƙarfi, don haka a yanka bisa tsawon bandir.

A Kantin Kwari a Kano a kan sami yadin nailan da na foliyesta, irin na lema da jaka. Ba su da nauyi, suna bushewa nan da nan, ba sa ruɓa. Foliyesta ya fi nailan jure rana, ba ya kuma miƙewa kamarsa. Nailan ya kan saki cikin dare har mutum ya wayi gari bayansa na shafar ƙasa. Dukansu biyu abokan gaban wuta ne, mai gadin gona kuwa da hunturu ba ya rabuwa da wuta. Ɗan tartsatsi ya huda, hudar ta zama mafarin ɓaraka.

Mai saye kada ya dogara da bakin mai kanti, akwai gwaji a hannunsa. Ya ɗaga yadin wajen rana. In haske na ratsowa ta ƙofofi kamar rariya, saƙar ta yi sako-sako. Ya sa manyan yatsu biyu ya ja da ƙarfi, ya ga ko zaren na gocewa. Sa'an nan ya zaro ɗan zare ya ƙona da ashana. Auduga ta kan yi warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Yadi da yawa yanzu gauraye ne, a kan ga alamun duka biyu.

Ga babban mutum, yadi 3 da rabi ya isa, faɗi kuwa inci 60 in an samu, don a kwanta a ɗan karkace, bayan ya miƙe. A gaya wa tela ya kalmashe kowane baki sau 2, ya bi da layin ɗinki 3, ya bar kafar da igiya za ta shiga. Igiyar rama tufkar gida tana yi in sabuwa ce mai kauri, amma a riƙa duba ta inda ta ke gogar itace.

Akwai kuskure guda wanda ke tsinka ko yadi mafi kyau, watau ɗaure amuku ya miƙe tsam kamar igiyar shanya. Lissafin a fili ya ke. In igiyar ta sunkuyo da kusurwa digiri 30, kowane gefe yana jan daidai nauyin mutumin ne, mai kilo 70 ya ja kilo 70. In an ɗame ta har kusurwar ta koma digiri 10, jan ya kusa ninka 3, wajen kilo 200 ke nan a kowane gefe. A bar shi ya yi ciki kamar jinjirin wata. Tsakiyarsa kada ta wuce tsayin gwiwa daga ƙasa bayan an zauna, don ko an faɗo kada a karye. Tsamiya da ɗorawa da darbejiya da mangwaro duk suna riƙewa. Zogale da gwanda ba su da ƙashi. Kafin mutum ya hau, a ɗora buhun masara cikakke ya wuni a ciki.

Saura sanyi da sauro. Iskar hunturu ta ƙasa ta ke bugun mai amuku, don haka bargon da a ka shimfiɗa a ciki ya fi wanda a ka lulluɓa amfani. Sauro kuma ya kan ciji baya ta cikin yadi maras kauri, musamman a bakin fadama. A ja wata igiya sama da amukun, a rataya gidan sauro mai magani, a tattaro bakinsa a ɗaure ta ƙarƙashi, kada ya ja ƙasa wani abu ya biyo shi. Takalma a rataye su a reshe, tocila kuwa ta kwana cikin amukun, a haska ƙasa tukuna kafin a sauko da ƙafa.