Rarar Disamba da Tukunyar Suya

Kirsimeti a babbar mota take isa Dandin Mahe. Garin Musulmi ne, kamar maƙwabtansa na ƙasar Shagari da Boɗinga, amma da zarar Disamba ta kama, 'yan sari kan bazu kasuwannin yankin suna neman awaki da kaji da albasa, a yi lodi zuwa Legas, Anaca da Fatakwal, inda bikin ke cin nama da miya. Lokacin kuma ya faɗo cikin tsadar albasa, tunda ta rani ba ta cika kasuwa sai wajen Fabrairu da Maris. Manomin da ya daure ya adana 'yan buhuna, ko matar da ta yi kiwon bunsuru tun bara, sai su ji an taya da kuɗin da ko a mafarki ba su sa rai ba.

A birnin Sakkwato, inda majami'u suke, tun daga babban cocin Katolika na Holy Family, mazaunin Bishop Matthew Hassan Kukah tun 2011, har zuwa ikilisiyoyin ECWA masu sujada da Hausa, rarar ta wata ƙofa take shigowa. Baikon godiyar kaka ya fi na bara, ko wani ɗan ikilisiya da ke aiki Abuja ya zo hutu ya ajiye ambulan mai kauri. Sai dattawa su zauna bayan sujada. Matasa na son a yanka sa a ɗauko manyan lasifika. Zumuntar Mata na maganar shinkafa ga gwauraye da marayu. Ma'aji ya ɗaga kai yana kallon kwanon rufin da ya yi yoyo duk damina, mai janareta kuma na bin bashin wata uku. Kowa da gaskiyarsa, kuɗin kuwa ba su isa gaskiya huɗu ba.

Duk Basakkwacen da ya taɓa yin layya ya san wannan matsala, ko da bai taɓa leƙa coci ba. Kuɗin bazata naman layya ne: ya zo a rana ɗaya, ya fi cikin gidan, ga zafi, ga ƙuda, ga idon maƙwabta, kuma ba ya jiran shawarar mako guda.

Dubi yadda gida mai tsari ke yi da ragonsa. Ana gama fiɗa, kayan ciki ake fara kamawa. Yara su kai tumbi da hanji bakin rijiya, a juye, a wanke, a kitsa hanjin, hanta da ƙoda su shiga kasko tun kafin azahar. Ba don sun fi cinya daraja ba, sai don su ne ke fara wari. Gangar jikin kuma a tsire ta a itace, a jingina bakin wuta a yi tareni, ta kwana tana tsane ruwa. Kayan cikin kuɗi shi ne bashi. Kuɗin takin da aka ci da damina, ragowar mai injin ban ruwa, bashin mai kemis da ya ba da maganin zazzaɓi cikin dare bisa amana: waɗannan ne ke ruɓewa in an bar su, domin mai bin bashi ya riga ya ji nawa aka sayar da albasar. A ƙauye babu cinikin da ke ɓoyuwa. Wanda ya ɗinka sabuwar shadda alhali mai kemis na kallonsa, ya sayar da dare na gaba da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Sai rabo. Ya zo a hadisi cewa akwai shekarar da Manzon Allah (SAW) ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, saboda mabuƙata da suka shigo Madina, daga baya ya yi izinin a ci, a ciyar, a adana. Malamanmu na Malikiyya ba su ƙayyade kason kowane ba, an bar wa mai gida ya dubi halin shekara. Wannan ya fi mini duk lissafin masu cewa lallai kaza cikin ɗari nan, kaza can. Shekarar da gero ya yi kyau a unguwa, rabo kan yi sauƙi. Shekarar da 'yan gudun hijira daga gabashin jihar suka cika kangwaye, wanda ya cika tukunyarsa ya rufe ya ji kunya. Nan Zumuntar Mata suka fi dattawa gani, don su ke shiga gidaje, su suka san tukunyar da ba ta hau murhu ba tun jiya.

Ban yarda da masu cewa kada a taɓa ko kwabo don biki ba. Irinsu ne ke hana yaro tsoka ranar Sallah wai sai an gama suya. Yaron da ya yini yana riƙe ƙafar rago yana kai ruwa ya cancanci hantarsa da zafinta, haka ɗan mawaƙan coci da ya yi wata guda yana zuwa koyon waƙa cikin sanyin hunturu ya cancanci shinkafa da nama da lemon kwalba. Abin kiyayewa kawai, a yanke kason ci tun farko a ware shi gefe. In aka ce kowa ya riƙa yanka daga jikin rago yana jefawa baki, kafin la'asar sai ƙashi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne kason ajiya, domin mutane sun ɗauka ajiya ita ce a ƙulle kuɗi a gefen zane ko a tura ƙarƙashin katifa. Wannan ɗanyen nama ne aka rufe a kwano. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira ke zubar da ruwa a hannun mai ita, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disambar 2024. Ga kuma 'yan uwa: yau ƙani zai yi suna, gobe suruki na asibiti, jibi aboki ya zo da rantsuwa. Matan gida kuwa ba sa ajiye nama ɗanye. Su narka kitse, su soya tsoka har ta yi ƙarau, su barbaɗa gishiri da yaji, su danna a tukunya su tsiyaya man a kai ya daskare. Wata biyu ana ɗebo biyu-uku ana jefawa miya. Suyar kuɗi ita ce a mai da su abin da ba ya fita aljihu cikin sauƙi: akuya mai ciki, buhun gero tun yana arahar kaka, irin albasa, ko zubin adashi.

Shi ya sa in uwargida ta tsare mai gida a zaure ta ce, "Malam, kuɗɗin ga, a sawo akuya tun ba su watse ba," bai kamata ya ji an raina shi ba. Ita ta tsaya bakin kasko, ta san nawa rago ke komawa bayan suya. Ma'ajin coci ma, in dattawa sun amince da rufi, kada ya jira sabuwar shekara. Ya tafi kasuwa ranar Litinin ya sayo bandir ɗin kwano da ƙusa, a jibge su bayan majami'a inda kowa ke gani, ko da kafinta ba zai samu zuwa ba sai Maris.