Toyi da Ɗumamar Duniya: Me Hayaƙin Ciyawa Ke Ɗauke da Shi?

Bahaushe ya bambanta gobara da toyi. Gobara tsautsayi ce, toyi kuwa da gangan makiyayi ke cinna shi domin neman toho, ko mafarauci domin korar namun daji. Mafi yawan wutar da tauraron ɗan'adam ke hangowa a filayen ciyawa na duniya, daga Afirka zuwa yankin Cerrado na Brazil da arewacin Ostareliya, irin ta biyun ce. Afirka kaɗai ke da kusan kashi 70 cikin 100 na faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara.

Sai dai ba duk iskar da ke cikin hayaƙin ake lissafawa ba. Kabon dayoksaid da ciyawa ta saki da rani, sabuwar ciyawa na sake zuƙe shi da damina, muddin dajin ya farfaɗo kamar da. Abin da ba ya komawa ta wannan hanya shi ne mitan da naitiros oksaid, waɗanda suka fi kabon dayoksaid riƙe zafi nesa ba kusa ba. Su ne ake sanyawa a ƙididdigar ƙasashe.

A nan ne lokacin toyi ya zama abin muhawara. A 2006 aka fara wani shiri a yammacin Arnhem Land na Ostareliya, inda 'yan asalin ƙasar suka koma al'adarsu ta ƙona daji a farkon rani, tun ciyawa ba ta bushe ƙarau ba. Wutar kan tsaya a ƙananan wurare, ta bar gurabe da ke tare babbar wutar ƙarshen rani, kuma ana biyan su ladan hayaƙin da suka rage. Akwai masu son a kwafo tsarin zuwa Afirka. A ganina akwai gaggawa a ciki: ɗanyar ciyawa ba ta ci da kyau, tana turnuƙewa ne, don haka mitan da kowane kilo ke fitarwa kan ƙaru. Ga shi kuma manoman kudancin Mali sun daɗe suna toyi da wuri ba tare da wani ya koya musu ba.

Wani abin sha'awa ga manazarcin harshe shi ne gamba, wadda ake saƙa zana da ita. An kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwo, ta tafi da sunanta na Hausa. Yau ta mamaye dazuzzukan can, tana haddasa wuta mai kashe manyan itatuwa, kuma kabon ɗin itacen da ya mutu damina ɗaya ba ta mayar da shi.