Maganin Ƙarfin Maza: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Maigida Ya Haɗiya

Maganar wannan wata tana da nauyi a baki, amma matan Madina ma an yabe su ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu da jikinsu ba. Saboda haka ki gyara zama, uwargida, idan akwai yara kusa ki tura su tsakar gida.

Namiji kan iya samun rauni a shimfiɗa, musamman idan shekaru sun fara ja. Mafi yawansu ba sa faɗa wa kowa. Sai ya biya kyamis da daddare, ko ya tsaya wurin mai lasifika a tasha, ya sayo abin da aka ce masa yana aiki. Ke kuwa sai dai ki tsinci kwalin a aljihun riga ranar wanki. To mene ne a cikin kwalin nan?

Wanda ya fi shahara shi ne Viagra, ainihin sunan sinadarinsa sildenafil. Kamfanin Pfizer ne ya ƙirƙiro shi, kuma da farko don ciwon ƙirji da hawan jini aka gwada shi, sai mazan da aka gwada a kansu suka ba da labarin wani abu daban. A shekarar 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a sayar da shi. A 2003 aka samu ɗan'uwansa tadalafil, mai suna Cialis, wanda aikinsa kan kai awa 36 a jiki. Yau kamfanoni da yawa suna yin su da sunaye iri-iri. Aikinsu shi ne sassauta hanyoyin jini domin jini ya samu shiga gaba. Ba sa haifar da sha'awa, ba sa kuma warkar da abin da ya jawo raunin.

Maganin gaske ne, likitoci suna rubuta shi, kuma ya gyara gidaje da dama. Sai dai ba a gaba kaɗai yake buɗe hanyoyin jini ba, shi ya sa mai shan sa kan yi fama da ciwon kai, zafin fuska, toshewar hanci, ƙwannafi ko jiri. Wani ya riƙa ganin abubuwa da shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci. Mai shan tadalafil kan ƙara da ciwon baya da na tsoka. Waɗannan yawanci sukan wuce da kansu.

Akwai kuma waɗanda ba a jira su wuce. Idan maigida yana shan maganin ciwon ƙirji na ajin naitiret, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe ko wanda ake kira isosorbide, to haɗa shi da Viagra na iya faɗar da bugun jini ƙasa warwas har mutum ya suma, wani ma ya tafi ke nan. Wannan ba a sassauci a kansa. Haka wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, sai da izinin likita. Idan gaba ta miƙe ta ƙi kwantawa har awa 4, asibiti za a nufa a daren, domin jinin da ya maƙale yana lalata naman wurin, kuma jinkiri na iya kashe gaban har abada. Masu ciwon sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, mu kuwa kin san yadda sikila take a cikin danginmu. Sannan idan gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a daina shan sa a ga likita nan take, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. Ƙa'idarsa sau ɗaya a rana, kuma mafi girman ƙwayar sildenafil miligiram 100 ce. Masu haɗiye biyu don a burge amarya su sani da ransu suke wasa.

Tsoron waɗannan illoli ne ke sa wasu matan su ce gara a nemo wanda ba na Bature ba. A nan ne za ki ji ana tallan homiyofati, ƙananan ƙwayoyi farare masu zaƙi ko ruwa a 'yar kwalba, ana cewa ba shi da illa ko kaɗan. Da yawa suna ɗauka maganin gargajiya ne na saiwa da ganye, wasu ma suna haɗa shi da maganin Musulunci irin su zuma da habbatus sauda. Ba haka ba ne. Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ne ya kafa shi a 1796, daga baya ya bazu, ya samu karɓuwa sosai a Indiya. Ra'ayinsa shi ne abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama zai warkar da irin wannan alamar ga marar lafiya. Misali, tunda albasa tana sa hawaye da yoyon hanci, sai a yi maganin mura da ita.

Yadda ake haɗa shi ne abin lura. Ana ɗaukar ɗigo 1 na sinadarin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza. Daga wannan a sake ɗaukar ɗigo 1 a zuba cikin wani 99. Idan kin ga an rubuta 30C a jikin kwalba, ana nufin an maimaita haka sau 30. Tun daga wajen karo na 12, lissafi ya nuna da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin abin a ciki. Ki ɗauka kin jefa gishiri ƙwaya ɗaya a kogin Kwara, kika je can ƙasa kika ɗebo kofi guda kika ce miya ce. Abin da ya rage ruwa ne da sukari, mai ruwa-ruwan kuma sau da yawa da barasa a ciki, sai ki duba takardar.

An kuwa bincika. A 2010 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce homiyofati bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta aiki ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta duba nazarce-nazarce masu yawa, ta ce ba ta samu wata cuta da akwai ingantacciyar hujjar yana warkarwa ba. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar likitocinta su daina rubuta shi. To me ya sa wani zai rantse ya yi masa aiki? Saboda wani raunin daga zuciya yake, tsoron kada a kasa shi ke sa a kasa. Irin wannan mutum ko ruwan randa aka ba shi da tabbaci, hankalinsa ya kwanta, zai iya ganin canji. A ganina wannan kwanciyar hankalin ke kin fi kwalba iya ba shi, kuma kyauta.

Haɗarin homiyofati yana cikin lokacin da yake cinyewa. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ne kan fara toshewa. Sau da yawa raunin shimfiɗa shi ne ɗan aiken ciwon sukari, hawan jini ko ciwon zuciya, yakan riga su bayyana da 'yan shekaru. Mutumin da ya shekara biyu yana tsotsar ƙwayar sukari ya ba cutar shekara biyu tana ci.

Su kuma na tasha da ake cewa zallar ganye ne, da shayi da zuma da alewar ƙarfin maza, hukumar magunguna ta Amurka ta sha gwada irinsu tana samun sildenafil a ɓoye, babu wanda ya san yawansa. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 a asibiti bayan sun sha jabun magungunan ƙarfin maza da aka gauraya da maganin ciwon sukari, 4 suka rasu. Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki kuskura ki zuba wa maigida wani abu a kunu ko fura ba da saninsa ba, ko wace ƙawa ce ta ba ki. Ba ki san me ke ciki ba, kuma idan ya faɗi, likita ba zai san abin da zai nema ba.

Namiji ba ya son a taɓa wannan wuri, don haka kada ki soma da shimfiɗa, kada kuma ki yi gori ko ki kai zancen gidan biki, sirrinsa amana ce a hannunki. Ki soma da lafiya. Ki ce, "Maigida, an daɗe ba a auna maka jini da sukari ba, mu je tare a auna mu." Taba sigari, tiramadol, ƙiba da rashin motsa jiki duk suna da hannu a wannan matsala. Wasu magungunan hawan jini da na damuwa ma suna jawo ta, amma ba a dainawa da kai, likita ne zai canza masa wani. Ranar zuwa asibiti ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kyamis da na tasha, har da kwalin nan da kika tsinta a aljihu, ya miƙa wa likita ya gani.